Dutsen da Kaka Ya Ajiye

Ranar Lahadi ce, ƙarshen watan Satumba, ana irin yayyafin nan na Glasgow da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya bi ta wuyan riga ya jiƙa maka baya. Na dawo daga siton da nake lodin kaya, na tarar Kaka Wattie ya share teburin kicin ya shimfiɗa taswira, ya danne gefe ɗaya da butar shayi, ɗaya gefen da gwiwar hannunsa.

"Cire takalminka, malalaci. Gobe gwaggonka za ta sauka, har yanzu ba ka tsara mana komai ba."

"Ni ne ofishin yawon buɗe ido?"

"Kai ne mai wayar zamani, kai ne mai aron mota. Wani amfanin kake da shi ban da wannan?"

Gaskiyarsa ce. Na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha shida, na yi wankin mota, na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi raba takardun talla, babu inda na daɗe. Tun rasuwar babana muke zaune ni da Kaka, yana zagina ina ramawa, haka muke cin abincinmu.

Gwaggo Ishbel ƙanwar babana ce. Ta tafi Kanada ina ƙaramin yaro, ta yi aure can. Yanzu za ta zo na kwana biyar tare da mijinta Warren, wanda bai taɓa taka ƙasar nan ba.

Kaka yana cikin mutanen nan masu bin manyan duwatsun ƙasar ɗaya bayan ɗaya, sun kusa ɗari uku. Ya fara tun yana walda a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, ranar Juma'a a tashi aiki ya hau bas da jakarsa, Lahadi ya dawo ƙafa duk taɓo. Ya hau dukkansu sai guda ɗaya, Ben Lomond, wanda ya fi kowanne kusa da mu, wanda 'yan makaranta ke hawa da malamansu. Haka al'adar take: mutum yakan ajiye mai sauƙi ya zama na ƙarshe, don ranar gamawa iyali da abokai su iya raka shi har sama, a buɗe kwalbar wiski, a yanka kek. Ranar da Gwaggo za ta tafi, a filin jirgi ta ce masa, "Baba, kada ka kuskura ka hau na ƙarshen ba da ni ba." Shekara goma sha huɗu ke nan. Sau ɗaya ta zo tun daga lokacin, jana'izar kakata, tsakiyar hunturu, ba wanda ya yi zancen dutse. Abokan hawansa su shida ne a da. Saura Malky, shi ma da keken dogarawa yake zuwa shago.

Na buɗe hasashen yanayi na duwatsu. Talata garau, babu iska. Daga Laraba kuwa ruwa da iska daga yamma, har ƙarshen mako babu sauƙi.

"Talata ce ranarka, tsoho."

Sai ya tura min wayarsa. Warren ya riga ya aiko da nasa tsarin. Talata Edinburgh, ya sayi tikitin shiga tsohuwar fada tun watan jiya. Laraba gidan tarihi, da yamma Gwaggo ta ga ƙawayenta. Alhamis Paisley, zai nemi kabarin kakan kakansa. Juma'a ya rubuta: "Babu komai, ko mu ɗan taka dutsen Baba."

"A sauya," na ce. "Fada ba ta jin ruwa. Kira Gwaggo yanzu."

"Baƙo ya tsara abinsa."

"Kai ma ka tsara naka, tun ina saka gajeren wando."

"Dutse ba ya gudu."

"Ƙirjinka fa? Jiya sau biyu ka tsaya a matakalar gidan nan, na ji ka."

Ya naɗe taswirar a hankali. Hayaƙin walda ya ci masa huhu, likita ya ba shi abin shaƙa kala biyu, kuma Gwaggo ba ta san da ko ɗaya ba.

"Keir, saurara. Ita ta faɗa da bakinta, ba ni zan tuna mata ba. In ka buɗe wannan bakin naka a kan ƙirjina ko a kan jira, ka nemi wani gidan da za a riƙa soya maka ƙwai."

Na so a ce Warren mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. Ƙaton mutum ne mai fara'a, komai ya gani sai ya ce kai, abin mamaki. Da ya ga Kaka a filin jirgi hannu biyu ya ba shi, ya karɓe masa laima. Gwaggo ta rungume ni ta ce na yi tsawo na rame, ta tambayi me nake karanta. Kaka ya ce, "Yana karanta bayan kwali a sito." Aka yi dariya.

Talata ta zo kamar yadda aka faɗa. Sama wankakke, ko ƙyallen gajimare babu. Muka yi ta a layi a bakin fada, tsakanin mutane masu ɗaga waya sama. Kaka ya sa kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza. Warren ya saya masa mayafin wuya mai irin zanen da ake danganta wa zuriyar su Kaka, wai ya bincika, Kaka ya yi godiya ya rataya duk da zafin rana. Da muka hau kan ganuwa kowa yana kallon birni da teku, Kaka kuwa ya juya yamma, wajen da Ben Lomond yake, hannu a aljihu.

Gwaggo ta saƙala hannunta a nasa. "Baba, Juma'a za mu taka dutsen nan naka, ko?"

"In kin sami sarari."

"Ai ɗan yawo ne, ko ba haka ba? Na tuna har yara suna hawa."

"Ɗan yawo ne."

Na buɗe baki, ya taka min ƙafa da dugadugi, bai ko kalle ni ba.

Laraba ruwa ya sauko. Na kai su gidan tarihi na zauna a mota ina kaɗa ƙafa. Alhamis muka yi ta zagaye maƙabarta a Paisley cikin ruwa muna goge gansakuka daga kan duwatsun kabari, ba mu sami kakan kakan kowa ba. A hanyar dawowa Warren ya sa na tsaya a wani shago ya sayi takalman hawa sababbi fil. Na ce masa sabon takalmi ba a fara shi a kan dutse. Ya dafa kafaɗata ya ce mai shagon ya tabbatar masa wannan irin ba ya cizo.

Juma'a da sassafe muka biya muka ɗauki Malky. Ya fito da gwangwanin kek a ƙarƙashin hammata da kwalba a aljihun kwat, na naɗe kekensa na tura a but ɗin mota.

"Wattie, ɗan banza, yau dai za a rabu da kai? Su Dougal abokan hawanmu sun gaji da jira sun mutu."

"Kai me ya hana ka bin su?"

"Na biya kuɗin kek, sai na ci."

"Za ka hau ne, ko a mota za a bar ka kamar kare?"

"A mota. In ka faɗo ka faɗo ta wannan gefen, in gani."

Gwaggo tana ta dariya a baya. Ni ina kallon yadda iska ke kaɗa motar a hanyar bakin tafki, ruwan ya yi baƙi yana tumfafiya fari-fari. Da muka isa wurin ajiye motoci, ba a ganin dutsen daga rabi zuwa sama. Motoci uku ne kacal.

Cikin kurmi abin bai yi muni ba, itatuwa sun tare iska. Kaka yana gaba da sandunansa biyu, taku ƙanana, ba ya magana. Na san dalilin shirun, yana tattalin numfashi ne. Gwaggo tana bayansa tana ba Warren labarin yadda tana yarinya Baba yake ba ta alewa a kowane tudu don kada ta yi kuka. Na ga kunnen Kaka ya motsa. Ya tura hannu aljihu ya miƙo mata alewar na'ana'a ta baya, bai juyo ba. Ta yi ihu, "Baba! Har yanzu?"

Da muka fita daga itatuwa iska ta mare mu. Warren ya riga ya fara ɗingishi, takalmin ya saɓule masa fatar diddige. Yana ƙoƙarin taka gefen ƙafa don ya rage zafin, sai ya zame a kan wani jiƙaƙƙen dutse ya zauna da ƙarfi. Na ji ƙaran da idon sawunsa ya yi. Ya yi ƙoƙarin dariya, fuskarsa ta yi fari.

Muka ɗaga shi. Yana iya takawa, amma da dogarawa. Kaka ya miƙa masa sanda ɗaya.

"Shi ke nan, mu koma gaba ɗaya," in ji Gwaggo. "Dubi sama, Baba. Wani lokacin a yi."

"Ni zan ƙarasa," Kaka ya ce.

"Ni zan sauka da Warren," na ce da sauri. "Gwaggo, ke ki wuce da Kaka. Hanya ɗaya ce, ba a ɓata."

"A'a, Keir. Rabona da dutse tun kafin a haife ka. In wani abu ya sami Baba a can sama me zan iya? Kai ne mai ƙarfi. Ku je ku biyu, ku ɗauko mana hoto."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba.

"Gwaggo, ke yake jira! Shekara goma sha huɗu! Ke kika ce kada ya hau ba da ke ba. Abokansa kusan duk sun mutu yana jiranki, huhunsa ya ƙare, wannan ce kawai ta rage masa!"

Ta tsaya, ruwa yana bin fuskarta. Ta dubi Kaka.

"Baba? Da gaske ne? Ni fa wasa... Baba, da gaske jirana kake yi?"

Warren yana tsaye a ƙafa ɗaya, ya ce, "Ishbel, je ki. Zan lallaɓa."

Da Kaka ya yi shiru kawai, da ta bi shi. Na ga ta riga ta juyo da kafaɗarta wajen hawa. Amma ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Yaron nan ba shi da aiki sai ƙarya, shi ya sa ba ya daɗewa ko'ina. Ƙyuya ce ta hana ni, ba ke ba. Kullum gobe, gobe. Huhuna kuma ya fi nasa, shi da ke zuƙar hayaƙi a bayan sito. Tafi da mijinki, 'yata, kada ƙafar ta kumbura a nan."

"Ka tabbata?"

"Sai na rantse miki? Tafi. Ki ce wa Malky kada ya cinye kek."

Ta harare ni, irin hararar da ake yi wa yaron da ya tsorata mutane a banza. Ta sumbaci kumatunsa, ta sa kafaɗa a ƙarƙashin hannun Warren, suka juya. Kaka ya bi su da kallo har itatuwa suka rufe su. Sannan ya ciro abin shaƙarsa ya zuƙa sau uku.

"Me ya sa ka yi haka?" na ce.

"Wuce gaba ka tare min iska. Ka yi amfani ko sau ɗaya."

Daga nan babu sauran daɗi. Doguwar shimfiɗa ce mai taɓo, babu inuwa babu mafaka, iska tana zuwa daga hagu tana tura mu gefe. Yana tafiya kaɗan ya tsaya, ya kifa goshi a kan sanda. Numfashinsa kamar ana jan zarto a jiƙaƙƙen katako. Wata mata da saurayinta suka sauko a guje, ta tsaya ta ce, "Baba, sama ba kyau, mu ma juyowa muka yi." Ya ɗaga mata hannu kamar mai gaisuwa a titi, ya wuce.

Na ce mu koma. Na sake cewa. Na zage shi, na ce tsohon banza mai taurin kai, in ya mutu a nan ni ba zan ɗauki gawa ba. Bai da numfashin ramawa, wannan ya fi komai tayar min da hankali.

Hawan ƙarshe da rarrafe muka yi rabinsa. Gajimare ya rufe mu, ban ganin komai sai duwatsun da ke gabana da bayan rigarsa. A kan siririn doron da ke kaiwa ƙololuwa iska ta fizge masa hula, ta tafi ko faɗuwarta ba mu gani ba. Farin gashinsa ya manne a kai. Sai ga ginshiƙin simintin da aka kafa alamar ƙololuwa ya fito daga cikin hazo, kusa ƙwarai, tazarar da ba ta fi daga ƙofar kicin ɗinmu zuwa bakin titi ba.

"Ga shi nan, Kaka! Ka iso!"

Ya tsaya. Na ɗauka numfashi yake nema, na jira. Ya daɗe yana kallon ginshiƙin. Sannan ya juya masa baya.

"Mu tafi."

"Mu tafi ina? Je ka taɓa!"

"Ba ta nan."

"Kai ka kore ta!"

"Na sani."

Na kama hannun rigarsa na ja. Na rantse da na so da na ɗauke shi cak na kai shi, bai fi buhun dankali nauyi ba. Ya buge min hannu da sanda, bugu na gaske, har yatsuna suka mutu.

"Kada ka taɓa ni, Keir. Nawa ne. Ni na san yadda na ajiye shi."

Ban taɓa ginshiƙin ba ni ma. Muka juyo.

Saukowar ta fi hawan tsawo. Ƙafafunsa suka daina jin magana, ya zauna cikin ruwa sau da yawa, a wani zaman sandar ta shiga tsakanin duwatsu ta karye. Jikinsa ya fara karkarwa, maganarsa ta fara harɗewa. Na cire rigar ruwata na ɗora masa a kan tasa. Daga bakin shimfiɗar nan har cikin kurmi goya shi na yi, in sauke in huta in sake ɗauka, yatsun ƙafata suna dukan bakin takalmi a kowane taku. A kunnena yake cewa, "A hankali, jaki," ni kuma ina jin daɗin ya sami bakin zagi.

Kafin mu fita daga itatuwa ya ce in sauke shi. Ya gyara rigarsa, ya shafa gashinsa, ya ƙarasa da ƙafarsa.

Gwaggo ta fito daga mota a guje. Malky ya danna ham ɗin mota ya riƙe.

"Baba! Ka gama? Ka gama!"

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Haƙoransa suna haɗuwa. Ta rungume shi tana kuka tana dariya, tana cewa dukkansu, Baba, dukkansu, ta juya tana gaya wa Warren, shi kuma yana tafi daga kujerar baya da ƙafarsa a miƙe. Muka tura Kaka gaba, na kunna na'urar ɗumama mota har ƙarshe. Malky ya zuba wiski a murfin fulas da kofunan roba, ya yanka kek da wuƙar aljihu.

"Na Dougal da sauran 'yan iskan da ba su jira ba," in ji Malky, ya ɗaga kofi. "Wattie, ka ga dama a ƙarshe."

Kowa ya sha, ban da Kaka. Ya riƙe nasa da hannu biyu a kan cinya.

"Ina hoton?" Gwaggo ta tambaye ni. "Yaya saman yake?"

Kaka ya ɗago ido ya dube ni.

"Ba a ganin komai," na ce. "Waya kuma ta jiƙe."

Malky ya dubi kofin da ke hannun Kaka, ya dube ni. Ya mayar da murfin kwalbar ya ɗaure, bai ƙara wata tsokana ba har muka shigo gari.

Asabar jirginsu ya tashi. Kaka ya yi musu sallama daga kan gado, ya ce ƙafafu ne suka yi tsami, abin da ya saba. Gwaggo ta ce yanzu hankalinta ya kwanta, ta ja ni gefe a filin jirgi ta ce in rage ƙara gishiri a magana, ba kyau ga namiji. Na ce to.

Lahadi da rana na same shi a ƙasan banɗaki, leɓɓansa sun yi shuɗi. Sanyi ya shiga huhun. Ya yi mako uku a asibiti, ya hana a gaya wa Gwaggo sai da ya fara zama, sannan ya ce mata mura ce. Ya dawo gida da tukunyar iskar numfashi da siririn tiyo a hanci. Likita ya ce matakala ma a bi a hankali.

Abin da ya salwanta ta dalilin wannan makon: hularsa, da sandarsa ɗaya. Wayata. Farcen manyan yatsun ƙafata biyu, sun yi baƙi sun fita. Aikina na sito, saboda kwanakin da na yi a asibiti ina jinyarsa ban je ba. Kusan rabin abin da ya rage na huhunsa na dama. Da Ben Lomond, wanda ba zai ƙara iya hawa ba, kuma ba mai sake zuwa ya raka shi, tunda kowa ya san ya gama.